Furotin na Jini da Magungunan Sassauta Tsoka a Ɗakin Fiɗa: Tarihin Tambaya Ɗaya da Amsoshi Biyu

Gabatarwa

Wannan maƙala ta shafi wani yanki na tarihin likitanci a ƙarni na 20, wato yadda masana suka nemi dalilin da ya sa awo ɗaya na maganin sassauta tsoka yakan yi wa wani majiyyaci yawa, ya yi wa wani kaɗan, alhali nauyinsu ɗaya ne, fiɗar da za a yi musu ma iri ɗaya ce. Tsakanin 1952 da 1982 an fi neman amsar cikin furotin da ke yawo a ruwan jini, kuma an bi hanyoyi biyu. Hanya ta farko ta bi furotin mai farfasa magani, ta biyu ta bi furotin mai riƙe magani. Abin da muke son nunawa shi ne ta farko ta tabbata har ta haifi sabon fannin ilimi, ta biyu kuwa, duk da farin jinin da ta yi na wajen shekara 15, ba ta jure gwaji ba. Dalilin wannan bambanci ya cancanci nazari, domin darasi ne game da yadda ake kafa hujja.

Saboda masu karatu da ba likitanci suka karanta ba, ga ma'anar kalmomi uku da za su yi ta dawowa. Ruwan jini shi ne ruwa mai fatsi-fatsi da ke saura idan an ware ƙwayoyin jini. Furotin manyan sinadarai ne da jiki ke ƙerawa. Mafi yawa a ruwan jini shi ne albumin, wanda hanta ke yi, sai dangin gulobulin. Anzim kuwa furotin ne wanda aikinsa gaggauta farfasa wani sinadari ko haɗa shi.

1. Daga dafin kibiya zuwa allura

Asalin waɗannan magunguna shi ne kurare, dafin kibiya na mutanen dazuzzukan Amazon da Orinoko a Kudancin Amurka. Kada a haɗa shi da dafin maharban ƙasar Hausa, wanda ake dafawa da kwankwani: namu zuciya yake kamawa, nasu tsoka yake kashewa. A shekarun 1850 Claude Bernard, a Faris, ya yi gwaji da kwaɗi ya nuna cewa dabbar da aka sa wa kurare jijiyarta mai kai saƙo tana aiki, tsokarta ma tana amsawa idan an taɓa ta da lantarki kai tsaye, amma saƙon ba ya ƙetarewa daga wannan zuwa waccan. Daga baya aka gane cewa bakin jijiya yana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ke sauka kan makarɓa a fatar tsoka ya sa ta motsa. Kurare yana zama kan makarɓar ne ya tare wuri. Mutum yana ji, yana gani, hankalinsa na nan, amma ba ya iya ɗaga ko fatar ido. Idan dafin ya kai ga tsokokin numfashi, sai mutuwa.

A 1935 Harold King, a Landan, ya ware sinadarin da ke aikin daga wani tsohon samfuri na gidan tarihi, ya kira shi tubokurarin. Ranar 23 ga Janairun 1942, a Montreal ta Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi wa wani saurayi da ake cire wa afendis allurar Intocostrin, wanda tataccen kurare ne. A 1946 Cecil Gray da John Halton na Liverpool suka ba da rahoton majiyyata fiye da 1000 da suka yi wa aiki da tubokurarin. A Cibiyar Pasteur kuma Daniel Bovet ya fito da galamin a 1947, wanda aka sayar da sunan Flaxedil, kuma shi ne maganin farko na wannan dangi da aka haɗa a ɗakin gwaji ya samu karɓuwa.

Amfanin abin a fili yake. Kafin wannan lokaci, idan likitan fiɗa yana son cikin majiyyaci ya saki domin ya samu wurin aiki, dole a zurfafa barcin da eter ko kuloroform, zurfin da kan raunana zuciya da numfashi. Yanzu sai a sa barci mara zurfi, a bar wa allura aikin sakin tsoka. Amma fa an sayi wannan sauƙi da tsada. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd na Boston suka buga binciken da suka yi kan sa barci 599,548 a asibitoci 10 na Amurka daga 1948 zuwa 1952. Suka samu cewa inda aka yi amfani da kurare, mutum 1 cikin 370 ya mutu ta dalilin sa barci. Inda ba a yi ba, 1 cikin 2100. Sun zargi maganin da wata guba ta ɓoye. An yi musu raddi mai zafi, kuma a yau an fi yarda cewa yawancin mutanen sun mutu ne domin ba a taimaka musu da numfashi yadda ya kamata ba, ko an mai da su ɗakin jinya da sauran magani a jiki. Ko ma dai mene ne, bayan wannan rahoto tambayar wa zai jure, wa ba zai jure ba, ta zama maganar rai da mutuwa.

2. Maganin minti biyar

Tubokurarin yana da jinkirin kamawa, yana da jinkirin saki. Likitoci na son wani wanda zai kama nan take ya saki nan take, musamman domin zura tiyon numfashi cikin maƙogwaro. Abin mamaki, maganin yana nan tun 1906, lokacin da Reid Hunt da René de Taveau suka gwada suksinilkolin a Amurka. Sai dai dabbobin da suka yi gwajin da su an riga an sa musu kurare, don haka ba su ga yana kashe tsoka ba. Sai a 1949 Bovet, wanda a lokacin ya koma Rum, ya bayyana wannan aiki nasa. A 1951 aka fara amfani da shi kan mutane a Suwidin da Ostiriya, a 1952 ya bazu a Ingila da Amurka. A ƙasashe masu amfani da Faransanci an fi saninsa da Célocurine.

Suksinilkolin asetilkolin biyu ne aka ɗaure wutsiya da wutsiya. Idan aka ba da miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki, cikin minti ɗaya tsoka ta saki, bayan minti 5 zuwa 10 numfashi ya dawo. Gajartar aikinsa daga jini take. Akwai wani anzim a ruwan jini, wanda hanta ke yi, da ke farfasa maganin tun yana hanya, har abin da ke isa ga tsoka da wuya ya wuce kashi ɗaya bisa biyar na abin da aka zuba. An san wannan anzim tun kafin a san amfaninsa a nan: a 1943 Bruno Mendel da Harry Rudney, a Toronto, suka bambanta shi da kolinesteraz na jijiya da jajayen ƙwayoyin jini, suka laƙaba masa suna mai ma'anar kolinesteraz na jabu. A yau ana ce masa butirilkolinesteraz. Mu za mu riƙa cewa kolinesteraz na ruwan jini.

Ba a yi shekara ana amfani da maganin ba sai rahotanni suka fara fitowa na majiyyata da aka gama musu aiki, minti 10 ta wuce, awa ta wuce, ba su ja numfashi ba. A 1952 mujallar Lancet ta buga bincike biyu, ɗaya na Evans da Gray da Lehmann da Silk, ɗaya na Bourne da Collier da Somers, duka suna nuna cewa irin waɗannan majiyyata kolinesteraz na jininsu ya yi ƙasa. Hermann Lehmann, Bajamushe da ya yi gudun hijira zuwa Ingila a 1936, ya yi aiki a Makerere ta Yuganda daga 1947 zuwa 1949 kan ƙarancin jini, don haka idonsa ya saba da neman gado cikin jini. A 1953 shi da abokan aikinsa suka ba da labarin wani majiyyaci da numfashinsa ya daɗe bai dawo ba, aka auna ɗan'uwansa lafiyayye aka tarar shi ma anzim ɗinsa ƙasa yake. A 1956 Lehmann da Ryan suka nuna abin yana bin dangi.

Sai dai awon yawan anzim kaɗai bai isa ya raba gardama ba. Ciwon hanta yana rage shi, yunwa tana rage shi, juna biyu yana rage shi, kuma ko tsakanin masu lafiya akwai rata mai faɗi. Idan aka jera sakamakon mutum ɗari, ba a ganin inda wani rukuni ya ƙare wani ya fara. Wanda ya gada da wanda hantarsa ta gaza duk lamba ɗaya suke bayarwa.

3. Werner Kalow da lambar dibukayin

A nan ne aikin Werner Kalow (1917–2008) ya shigo, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Kalow ya fara bincike a Barlin bayan Yaƙin Duniya na Biyu kan yadda jini ke farfasa purokayin, maganin kashe zafi na allura. A Filadelfiya ya tabbatar cewa anzim ɗin da ke wannan aiki shi ne kolinesteraz na ruwan jini, ya kuma ƙware wajen auna shi da na'urar da ke bin sauyin haske cikin ruwan gwaji daƙiƙa bayan daƙiƙa. A 1951 ya koma Jami'ar Toronto.

Majiyyatan da suka buɗe masa ƙofa ba na fiɗa ba ne. A lokacin ana jinyar wasu masu taɓin hankali ta hanyar girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki, kuma jijjigar da ke biyo baya takan karya ƙashi, shi ya sa ake ba su suksinilkolin kafin a fara. Tunda ana maimaita jinyar sau da yawa kan mutum ɗaya, likitan da ke kula da su, Gunn, ya lura cewa wasu ƴan kaɗan kullum su ne numfashinsu ke jinkiri. Wannan maimaici yana da muhimmanci. A ɗakin fiɗa sau ɗaya ake ganin mutum, kuma ana iya ɗora laifi kan kuskuren awo ko tsananin ciwo. A nan kuwa abin ya nuna kansa a matsayin ɗabi'ar jikin mutumin.

Da Kalow ya auna jinin waɗannan mutane, bai tsaya ga tambayar nawa ne anzim ɗin ba, ya duba yadda yake aiki. Ya ga cewa nasu wani iri ne daban, wanda ba ya kama sinadaran da ya kamata ya farfasa da ƙarfi. A awon suksinilkolin da ake samu cikin jinin majiyyaci, kusan ba ya taɓa maganin, sai duka ya isa ga tsoka, ya zauna har sai ƙoda ta fitar da shi a hankali. A 1957 Kalow da Genest suka fito da gwaji mai sauƙi. Ana zuba wa ruwan jini wani ƙayyadadden awo na dibukayin, wani maganin kashe zafi da ke danne anzim ɗin, a ga kashi nawa bisa 100 na aikinsa ya tsaya. Anzim na yawancin mutane yakan tsaya da wajen kashi 80. Na waɗancan majiyyata kashi 20 kawai, domin yadda ba ya kama suksinilkolin haka ba ya kama dibukayin. Tsakani kuma akwai masu ba da wajen 60. Wannan shi ne abin da ake kira lambar dibukayin, kuma kyawunsa shi ne bai damu da yawan anzim ba: mai ciwon hanta da anzim ɗinsa ya ragu da rabi har yanzu 80 zai bayar.

Da aka jera mutane bisa wannan lamba sai suka rabu gida uku, da fili tsakaninsu. A shekarar nan ta 1957 Kalow da Staron suka bi iyalai, suka nuna cewa masu 20 sun gaji baƙuwar ƙwayar gado daga uwa da uba duka, masu 60 daga ɗaya, masu 80 ba su gada ba ko kaɗan, daidai da ƙa'idar gado ta Gregor Mendel. Tsakanin Turawa wajen mutum 4 cikin 100 ne ke ɗauke da ƙwaya ɗaya, waɗanda jinkirinsu bai fi na ƴan mintoci ba. Masu ƙwaya biyu kuwa wajen 1 cikin 3000 ne, kuma su ne kan yi awa biyu ko fiye ba numfashi.

Abin lura ga mai nazarin tarihin ilimi shi ne waɗannan mutane lafiyarsu ƙalau. Kakanninsu sun rayu sun mutu ba wanda ya san suna da wani bambanci. Maganin da aka fara sa wa mutane a 1951 ne ya tona shi. A 1956 aka gano irin wannan a Cikago, inda aka ga cewa firimakin, maganin zazzaɓin cizon sauro, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu baƙaƙen Amurka saboda ƙarancin anzim mai suna G6PD, ƙarancin da ya yawaita a Afirka ta Yamma. Arno Motulsky ya haɗa misalan biyu cikin wata maƙala a 1957, Friedrich Vogel ya raɗa wa fannin suna farmakojenetik a 1959, wato nazarin gado da karɓar magani, Kalow kuma ya rubuta littafin farko na fannin a 1962.

Bayan haka sai ire-ire suka yi ta fitowa. Harris da Whittaker sun sami wani iri a 1961 wanda fuloraid ne ke tona shi. A 1962 Liddell da Lehmann da Silk suka sami mutum wanda ba shi da aikin anzim ɗin sam, aka kira wannan ƙwaya shiru. Masu ita biyu sukan yi awoyi da dama, kuma ta yi yawa tsakanin wasu Eskimo na Alaska, kamar yadda Gutsche da abokansa suka nuna a 1967, da al'ummar Vysya ta kudancin Indiya. Har ma an sami akasin haka a 1966, wani iyali a Amurka masu anzim ninki biyu ko uku, waɗanda maganin ba ya kama su sosai. A 1973 aka kafa cibiya ta musamman a Kopenhagen mai karɓar jinin duk wanda abin ya same shi a Danmak, ta auna danginsa, ta ba su katin gargaɗi. A 1987 Oksana Lockridge da abokan aikinta a Jami'ar Mishigan suka jera tubalan anzim ɗin guda 574, a 1989 kuma rukunin Bert La Du ya nuna cewa baƙon irin da Kalow ya gano tubali ɗaya ne ya sauya, na 70, inda gilisin ya maye gurbin aspartat. Hasashen 1957 ya tabbata har ga tubalinsa.

4. Hanya ta biyu: furotin mai riƙe magani

Tubokurarin da galamin ba a farfasa su cikin jini. Ƙoda ce ke fitar da mafi yawansu. Duk da haka su ma mutane sun bambanta wajen karɓarsu, kuma nasarar da aka samu kan suksinilkolin ta sa aka zaci amsar tana nan kusa, cikin ruwan jini.

Mafarin shi ne rahoton John Dundee da Cecil Gray na 1953, cewa masu ciwon hanta suna buƙatar tubokurarin fiye da kima kafin tsokarsu ta saki. Abin ya ba da mamaki, domin an saba mai ciwon hanta magani kaɗan ke isarsa. A 1958 Aladjemoff da Dikstein da Shafrir, a Ƙudus, suka nuna cewa furotin na ruwan jini yana riƙe tubokurarin. Daga nan tunani ya miƙe: maganin da furotin ya riƙe ba ya fita daga hanyar jini ya isa ga tsoka, mai ƙandararriyar hanta albumin ɗinsa yakan ragu, gama-gulobulin ɗinsa ya ƙaru, ke nan gama-gulobulin ne ke shanye maganin. A 1968 Anis Baraka da Gabali suka auna majiyyata suka ga buƙatar tubokurarin tana hawa tare da hawan gulobulin. A 1971 Stovner da Theodorsen da Bjelke, a Oslo, suka sami irin wannan dangantaka tsakanin tubokurarin da gama-gulobulin, da kuma tsakanin galamin da albumin. Bayanin ya shiga littattafan koyarwa, ɗalibai suka hardace shi.

A ganinmu rauninsa a bayyane yake tun farko. Duk waɗannan bincike sun nuna abu biyu suna tafiya tare ne, ba su auna riƙon kansa a jinin majiyyatan ba. Mutumin da gama-gulobulin ɗinsa ya hau mara lafiya ne ta fuskoki da yawa, kuma kowace fuska tana iya zama dalilin. Da aka zo aka auna kai tsaye sai ginin ya fara tsagewa. A 1973 Ghoneim da abokansa a Ayowa suka raba maganin da ke riƙe da wanda ke sake a jinin masu lafiya da masu ciwon hanta da masu ciwon ƙoda, suka ga kusan rabi ne ke riƙe a dukansu, babu bambancin kirki. A Faris, Philippe Duvaldestin ya bi wani maganin dangin, pankuroniyom, cikin jinin masu ƙandarewar hanta a 1978, ya sami bayani mafi sauƙi: jikinsu ya tara ruwa, ruwan da maganin ke bazuwa ciki ya ƙaru da wajen rabi. Cokalin gishiri da ya ji a ƙaramar tukunya ba zai ji a babba ba. Shi ya sa awon farko ke yi musu kaɗan. Amma wannan binciken ya nuna wani abu mafi haɗari, wato lokacin da maganin ke ɗauka kafin ya fita daga jikinsu ya kusan ninkawa. Likitan da ya yarda cewa furotin ya shanye maganin zai ƙara awo hankali kwance, sa'an nan a ƙarshen aiki ya tarar da majiyyaci ya kasa numfashi. A 1982 Duvaldestin da Henzel suka sake auna riƙon magunguna huɗu na wannan dangi a jinin masu ƙandarewar hanta, sakamakon bai goyi bayan tsohon bayanin ba.

Tunanin ya sake ɗagowa wajen masu ƙuna. A 1980 Jeevendra Martyn, a Boston, ya nuna cewa wanda wuta ta ci babban ɓangare na jikinsa yana buƙatar tubokurarin ninki-ba-ninki. Ƙuna tana ƙara wani furotin na jini mai suna orosomukoyid, wanda aka san yana riƙe magunguna da yawa, don haka aka fara zarginsa. A 1981 rukunin Martyn da kansu suka auna, suka ga riƙon ya ƙaru amma bai kai ya bayyana girman abin ba. Dalilin na can wajen tsoka: bayan ƙuna makarɓan asetilkolin sukan yawaita su bazu ko'ina a fatar tsoka, sai a buƙaci magani mai yawa kafin a tare su. Wannan yawaitar ce kuma ke sa suksinilkolin ya zama haɗari ga mai ƙuna bayan kwanakin farko, domin yakan sa sinadarin potasiyom ya kwararo daga tsoka zuwa jini har zuciya ta tsaya.

Ba a ce riƙon furotin ba shi da tasiri sam ba. Sai dai lissafi ya nuna iyakarsa. Maganin da furotin ke riƙe kashi 99 bisa 100 nasa, idan riƙon ya sauka zuwa 98, abin da ke sake ya ninka. Maganin da rabinsa ko kashi ɗaya bisa uku kawai ake riƙewa, kamar yawancin masu sassauta tsoka, ƙaramin sauyi ba ya motsa shi sosai.

5. Yadda abin ya sauka a aikace, da inda ya shafe mu

Ko hanyar da ta yi nasara ba ta kai ga auna jinin kowane majiyyaci kafin fiɗa ba. Neman mutum 1 cikin 3000 ta wannan hanya ya yi tsada, kuma fiɗar gaggawa ba ta jiran ɗakin gwaji. Abin da ya fi ceton rayuka shi ne auna tsokar kanta. A 1958 Christie da Churchill-Davidson a Landan suka kawo ƙaramar na'ura mai tsikarar jijiyar hannu da lantarki a ga ko yatsa zai motsa. A 1970 Hassan Ali da Utting da Gray a Liverpool suka tsara tsikara huɗu a jere, wadda ake kwatanta ƙarfin ta huɗu da ta farko a san sauran maganin da ke jiki. Masu haɗa magunguna ma sun nemi kauce wa matsalar: atrakuriyom, wanda John Stenlake ya ƙera a Sikotlan aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1980, yana wargajewa da kansa a zafin jiki ba tare da jiran hanta ko ƙoda ko kolinesteraz ba. Mibakuriyom na 1992 kuwa ya koma hannun wannan anzim, tsohuwar matsalar ta dawo tare da shi. Rokuroniyom na 1994 ya kusan kamo suksinilkolin wajen saurin kamawa, a 2008 kuma Tarayyar Turai ta amince da sugamadeks, sinadari mai kamar zobe da ke cafke rokuroniyom cikin jini ya raba shi da tsoka. Wato abin da aka zaci gama-gulobulin na yi da kansa, shi aka ƙera da gangan.

Suksinilkolin bai bar fage ba. Yana da araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a asibitocinmu shi ake yawan ɗaukowa idan za a zura tiyo cikin gaggawa, kamar wajen fiɗar haihuwa. A nan akwai abin da ya kamata masu koyarwa su kula da shi. Littattafan da muke karantarwa da su an rubuta su ne bisa jinin Turawa, suna ba baƙon irin da Kalow ya gano babban fili. Amma tun 1968 Motulsky da Morrow suka nuna cewa wannan iri yana da wuyar samu tsakanin baƙaƙen Afirka da yawancin mutanen gabashin Asiya. Abin da ya fi kusa da majiyyacin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa shi ne raguwar anzim ta dalilin halin rayuwa. Hanta ce ke yin sa, kuma ciwon hanta na B ya yawaita a yankin Sahel. Tamowa da doguwar yunwa suna rage shi. Juna biyu yana rage shi da wajen kashi ɗaya bisa huɗu, ya ƙara sauka a kwanakin farko bayan haihuwa. Kowane ɗaya daga waɗannan shi kaɗai ƴan mintoci yakan ƙara, amma sukan haɗu a jikin mace ɗaya.

Wanda ya fi su tsanani shi ne maganin ƙwari na dangin organofosfat, wanda aikinsa ke nan kashe kolinesteraz, na ƙwaro da na mutum. Da irinsa, musamman fenitrotiyon da malatiyon, aka yaƙi fara a Sahel daga 1986 zuwa 1989, kuma danginsa na hannun manoman auduga da wake da masu lambu. Anzim ɗin da wannan guba ta kashe ba ya farfaɗowa da wuri, sai hanta ta ƙera sabo, abin da ke ɗaukar makonni. Manomin da ya yi feshi ba kariya, aka kawo shi da murɗewar hanji bayan ƴan kwanaki, lambar dibukayin ɗinsa 80 ce, amma suksinilkolin na iya riƙe shi fiye da yadda aka zata. Wanda gubar ta kama sosai yakan yi awoyi. Tambayoyi biyu kafin a sa barci ba su cin ko dala: ko ya taɓa maganin feshi kwanan nan, da ko wani a danginsa ya taɓa daɗewa bai farka ba bayan fiɗa.

Idan kuma abin ya riga ya faru, tarihin nan ya bar hanya sananniya. Neyostigmin, wanda ke warware tubokurarin da danginsa, yana danne kolinesteraz na ruwan jini, don haka yana iya tsawaita matsalar. Ƙarin jini ko ruwan jini yana kawo anzim, amma yana iya kawo ciwon hanta ko sida, ga cutar da za ta wuce da kanta. Abin da ake yi shi ne a bar tiyo a maƙogwaro, a ci gaba da hura numfashi, da na'ura in akwai, in babu da jakar roba a hannu, ma'aikata suna karɓar juna. A kuma ci gaba da ba da maganin barci, domin majiyyacin da barcinsa ya ƙare alhali tsokarsa ba ta dawo ba yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, kamar yadda Bernard ya bayyana game da kurare. Bayan ya farfaɗo a rubuta masa takarda da sunan maganin, a gaya masa ya nuna ta a kowane asibiti, a kuma sanar da ƴan'uwansa na ciki ɗaya, domin idan gado ne daga uwa da uba, kowane ɗayansu yana da kashi ɗaya bisa huɗu na yiwuwar kasancewa kamarsa.